Gado na Tara

Ƙarfe bakwai na sauka daga aikin dare.
Na shiga bas a ƙofar asibitin Shika,
ido na yaji, ruwan Agusta na dukan gilashi,
a cinyata littafi mai shuɗin bango
wanda Sista Rifkatu ta sa kowa ya saya.
"In kun tashi aiki, ku zauna ku rubuta
abin da ya faru, da abin da kuka yi,
da abin da zuciya ta raya muku a lokacin."

Kafin Kwangila na gama. Layi biyu:
Gado na tara, Baba Barau, hawan jini, ba ya shan magani.
Taurin kai.

Ran Litinin ta karanta, tabarau a bakin hanci.
Ba ta taɓa jan biro ba.
Ta ce, "Sa'ude, layin farko ido ne ya rubuta.
Na biyun fa, wa ya ba ki?
Taurin kan nan, nawa ya hau a ma'auni?"
Aji ya kwashe da dariya.
Na so ƙasa ta tsage in shige.
"Koma ki tsince shinkafarki:
abin da kika gani gefe, abin da kika zata gefe."

To, me na gani?
Na ga yana karɓar ƙwaya da hannu biyu,
ya ce an gode, ya kai baki, ya kurɓi ruwa.
Na ga kwana shida jini ya ƙi sauka.
Na ga ranar da hularsa ta faɗo,
ƙwayoyi uku suka gangara daga ninkinta
har ƙarƙashin gadon maƙwabci.
Nan biro ya tsaya mini.
Mai taurin kai ai zubarwa yake.
Wannan ajiya yake yi,
mai ajiya kuwa da wanda yake yi wa.

Daren Laraba na jawo kujera.
Ban ɗauko ma'auni ba, ban ɗauko faranti ba.
Na ce, "Baba, wa ka baro a gida?"
Ya daɗe yana duban fanka.
"Tabawa," ya ce. "Tana Tudun Jukun.
Ciwonmu ɗaya, kanta ma ya fi nawa sara.
Kuɗin mutum ɗaya muka haɗa, ta ce ni in zo.
Ɗaya tawa, ɗaya tata, jikana ke kai mata.
Shekara arba'in da ɗaya
ban ci abu na hana ta ba."

A daren na cika shafi biyar.
Na rubuta cewa na yi masa faɗa gaban jikansa.
Na rubuta gado goma sha takwas, mu biyu,
ƙafa ta kumbura cikin takalmi,
sai na ga hukunci ya fi tambaya araha,
na saya.
Na rubuta har da abin da ban so:
da ya zo da babbar riga da direba,
da na tambaye shi tun ranar farko.

Sista ta karanta a tsaye, a baranda.
Ba ta ce madalla ba.
Ta ce, "Yanzu sai me?"
Na ce likita ya sani, an sa a kawo Tabawa Juma'a.
Ta ce, "In kuɗin ya ƙare fa?"
Wannan ban da amsarsa.
Ta ce in bar masa fili a shafi.

Jiya an kwantar da wata a gado na huɗu.
In na zo, sai ta juya wa bango fuska.
A bas na buɗe littafi,
na ji biro na saurin rubuta girman kai.
Na riƙe shi har Samaru.
Na rubuta: ta juya wa bango fuska.
Ban san dalili ba tukuna.